Nawa Ya Kamata Ka Biya Akanta? Jagora Ga Masu Gidajen Haya Da Ƙananan 'Yan Kasuwa

Masu gidan haya biyu za su iya zama a layi ɗaya, gidajensu iri ɗaya, akanta ya caji ɗaya naira dubu tamanin a shekara, ya caji ɗayan dubu ɗari uku, kuma babu wanda aka zalunta a cikinsu. Na farkon ya kawo takardunsa a jere, kuɗin hayarsa duk ta asusu ɗaya suke shiga. Na biyun ya kawo leda cike da rasit, rabi sun goge, kuɗin haya sun gauraya da na cefane da na makarantar yara, kuma shekara uku rabonsa da ofishin haraji. Ladan akanta yana bin abu uku: yawan shiga da fitar da zai rubuta, halin da ya tarar da takardunka, da nauyin sa hannun da ake bukata a ƙarshen aikin. Darajar gidan ko girman shagon ba sa cikin ma'aunin, ko da yake akwai masu kallon motarka kafin su yanka farashi.

Wannan bayani ya shafi Najeriya ne, musamman yanzu da sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki daga 1 ga Janairun 2026, mutane da yawa da ba su taɓa neman akanta ba suka fara nema.

Fara da sanin aikin da kake saya

Kalmar "ka riƙe min lissafi" ita ce tushen yawancin rigimar da ake yi tsakanin akanta da mai dukiya, domin kowa da abin da ya fahimta da ita. A ƙarƙashinta akwai ayyuka daban-daban, kowanne da farashinsa.

Akwai rubuta littafi: shigar da kowane kuɗi da ya shigo ko ya fita, a daidaita shi da bayanan asusun banki. Wannan aikin haƙuri ne, kuma shi ya fi cin lokaci. Akwai haɗa lissafin ƙarshen shekara, wato takardar da ke nuna riba ko asara, da abin da ka mallaka da abin da ake bin ka. Akwai lissafa haraji da miƙa bayanansa ga hukuma. Akwai aikin wata-wata ga mai ma'aikata ko mai karɓar harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya da na hidima. Akwai bayanan shekara-shekara na Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, waɗanda ba haraji ba ne amma mutane suna haɗa su wuri ɗaya. Sannan akwai binciken odita, wato akanta mai zaman kansa da ke bincika lissafin ya tabbatar da ingancinsa, kuma wannan aikin ya fi kowanne tsada.

Wanne ne ya hau kanka? Ya danganta da sunan da dukiyar take ciki. Idan gidan da sunanka yake, ko kasuwancin rajistar suna kawai aka yi masa, to harajinka na mutum ɗaya ne, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ita ke karɓa: KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, FCT-IRS ga mazauna Abuja. Bayani sau ɗaya kake miƙawa a shekara, kafin 31 ga Maris. Idan kuwa kamfani ne mai "Limited" a ƙarshen sunansa, harajinsa na tarayya ne, wurin hukumar da aka sani da FIRS wadda yanzu ta koma NRS, kuma wa'adinsa wata shida ne bayan rufe shekarar lissafi. Kamfanin da ke rufe littafi a Disamba yana da zuwa 30 ga Yuni. Mai ma'aikata yana tura harajin albashinsu kafin 10 ga watan da ke biye, ya miƙa bayanin shekara kafin 31 ga Janairu. Mai VAT kuma kafin 21 ga kowane wata.

Daga nan kaɗai za ka ga bambancin. Mai gidan haya da sunansa yana da zama ɗaya da hukuma a shekara. Kamfani mai ma'aikata da VAT yana da sama da ashirin. Duk akantan da ya ba su farashi ɗaya, ko dai ya tsauwala wa na farko ko ba zai yi wa na biyu aikin ba.

Maganar odita tana bukatar a tsaya a kanta, domin nan ake yawan biyan kuɗin da bai zama dole ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa odita. Ƙaramin kamfani a wannan doka shi ne mai zaman kansa wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, kuma dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa kan waɗanda suka mallaki hannun jarin. Mai rajistar suna kawai da ma ba a nemi odita daga gare shi ba. Sai dai banki na iya nema kafin ya ba da rance, haka mai ba da kwangila, haka hukumar haraji idan ta buɗe bincike. Saboda haka idan aka ce maka "sai an yi odit", tambayi wa ya nema, kuma a nuna maka a rubuce. Idan babu mai nema, lissafin ƙarshen shekara da akanta ya haɗa ya wadatar.

Wa zai yi wane aiki

Ba a kiran injiniya don toshe ɓular kwano. Rubuta littafin wata-wata aiki ne da mai difloma ko digiri a fannin akanta zai yi da kyau, kuma ladansa bai kai na mai lasisi ba. Inda ake bukatar mai lasisi shi ne wurin duba aikin, lissafa haraji mai sarƙaƙiya, da sa hannu. Ƙungiyoyin da doka ta sani su ne ICAN, wadda aka kafa da dokar 1965, da ANAN, wadda ke da kwalejinta a kusa da Jos, sai CITN ta masana haraji. Kowane mamba yana da lamba. Ka nemi lambar da sunan ƙungiyar, ka tabbatar kafin ka miƙa takardunka. Wanda ya fusata don an tambaye shi lambarsa ya riga ya ba ka amsa.

Tsarin da ya fi sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne a raba aikin biyu: yaro mai ilimin lissafi ya riƙa rubutu, mai lasisi ya riƙa dubawa duk wata uku ko a ƙarshen shekara. Ofisoshin akanta ma haka suke yi a cikin gida, ƙananan ma'aikata su yi rubutu, babba ya duba. Abin lura shi ne kada a caje ka da farashin babba a kan aikin da ƙarami ya yi.

Yadda za ka auna farashi da kanka

Babu wani farashi guda da ya hau kan kowa a ƙasar nan, kuma da yadda naira ke sauyawa duk adadin da aka rubuta bana zai tsufa baɗi. Abin da ba ya tsufa shi ne hanyar lissafin: awa nawa aikin zai ci, kuma nawa ne kuɗin awa ɗaya.

Kuɗin awa ana fitar da shi kamar haka. A ɗauka, a matsayin misali kawai, akanta mai lasisi yana son ya koma gida da naira 400,000 a wata. Hayar ofis, mai na janareta, data, albashin mataimaki da kuɗin ƙungiya na shekara za su ci kusan wani adadin kamar haka, ya zama 800,000. A cikin awa 160 da ake aiki a wata, ba duka ake yi wa abokin hulɗa ba. Akwai zirga-zirga, jiran layi, da neman sabon aiki. A ce awa 100 ce ta rage. Kuɗin awarsa ya zama naira 8,000. Ƙaramin mai rubuta littafi, da irin wannan lissafin, zai iya tashi a 3,000. Ka sa adadin da ya dace da garinku, domin hayar ofis a Wuse ba ɗaya take da ta Gusau ba, amma hanyar ita ce dai.

Yanzu a gwada da gida mai fulat shida, kowanne naira 800,000 a shekara. Jimlar haya miliyan 4 da dubu 800. Idan 'yan haya suna biya sau biyu a shekara, shiga goma sha biyu ke nan. Fita kuma, tsakanin gyaran famfo, kwashe sokawe, fenti, albashin mai gadi, kuɗin shara, gyaran injin burtsatse da la'adar dillali, a ce rasit arba'in. Duka bai fi shigarwa hamsin da 'yan kai ba. Jera su da rubutawa awa huɗu. Daidaitawa da banki awa biyu. Lissafa haraji da miƙawa awa uku. Bibiyar ofishin haraji har rasit ya fito, awa uku. Awa goma sha biyu a 8,000 ya kama naira 96,000, wato kashi biyu cikin ɗari na hayar. Idan ofishin akantan yana cikin masu karɓar VAT, za a ɗora kashi 7.5, ya zama 103,200.

Wanda ya nemi 400,000 a kan wannan aikin, sai ya faɗi inda awa hamsin za ta tafi. Wanda kuma ya ce zai yi a 15,000, to awa biyu zai ba ka, kuma a awa biyu ba a duba rasit, sai dai a ƙirƙiri adadi a cike fom. Araha ba ta ado.

Shin 96,000 ɗin ta biya kanta? A duba. A sabuwar doka, naira 800,000 ta farko ta kuɗin shigar mutum a shekara babu haraji a kanta. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 da ke bin su kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ce mai gidan nan ba shi da wata hanyar samu, kuma ya kashe 900,000 a hidimar gidan. Idan yana da rasit, ribar da za a yi wa haraji miliyan 3 da dubu 900 ce: 330,000 a mataki na biyu, 162,000 a na uku, jimla 492,000. Idan ba shi da shaidar ko ɗaya aka yi lissafi a kan miliyan 4 da dubu 800 gaba ɗaya, zai biya 654,000. Bambancin naira 162,000 ne, ya fi ladan akantan. Amma lura da inda ribar ta fito: daga rasit ɗin da mai gida ya adana ne. Akanta ba zai iya cire abin da ba a ba shi shaidarsa ba.

Mai ɗaki biyu ko uku a gidan haya na talakawa, wanda duk abin da yake samu a shekara daga kowace hanya bai kai 800,000 ba, ba ya bukatar akantan shekara-shekara. Zama ɗaya na awa guda, a nuna masa yadda ake riƙe littafi da cike fom, ya ishe shi.

Shago lissafinsa daban

A kasuwanci yawan shigarwar da akanta zai rubuta ne ke tuƙa farashi, kuma a nan mai shago yana da iko sosai a kan abin da za a caje shi. Shagon da ke sayar wa mutum ɗari shida a wata, wasu da tsabar kuɗi, wasu da tiransifa, wasu ta POS, idan aka ce akanta ya bi su ɗaya bayan ɗaya, aikin kwanaki ne. Idan kuwa kowace yamma yaron shago yana rufe littafi da layi ɗaya, tsaba kaza, tiransifa kaza, POS kaza, bashi kaza da sunan wanda ya ci, to shigarwa ashirin da shida ce a wata. A haɗa da sarin kaya da ƙananan kashe-kashe, a ce awa goma ta ƙaramin ma'aikaci a 3,000, da awa ɗaya ta babba a 8,000. Naira 38,000 ke nan a wata, 456,000 a shekara, kafin aikin ƙarshen shekara.

Da me za ka gwada wannan adadi? Da riba, ba da yawan ciniki ba. Mai sarin hatsi a kasuwar Dawanau ko mai kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano yana iya juya miliyoyi masu yawa a wata da ribar da ba ta taka kara ta karya ba a kan kowane buhu, kuma cinikinsa manya-manya ne, kaɗan a lissafi. Mai ɗinki ko mai gyaran waya kuwa cinikinsa ƙarami ne amma ribarsa a kan kowane aiki tana da kauri. Idan shagon da ke sama yana cinikin miliyan 60 a shekara, 456,000 ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai ta yi kama da banza. Idan ribarsa miliyan 6 ce, kuɗin sun kusa kashi takwas na ribar, kuma ya cancanci a zauna a duba ko za a mayar da aikin duk wata uku maimakon kowane wata. Mai shagon da ba shi da ma'aikatan da albashinsu ya kai na haraji, kuma ba ya cikin masu VAT, da wuya ya bukaci akanta kowane wata.

Salon biya

Jinga ita ce ta fi dacewa da mai gidan haya: aiki sananne, lada sananne, rabi kafin alƙalami, ciko idan rasit ɗin hukuma ya zo hannu. Malaman fiƙihu ma sun shardanta a san aiki a san lada kafin a ƙulla ijara, kuma hikimar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa cewa "yi kawai, ma daidaita".

Biyan wata-wata na mai ma'aikata da VAT ne, wanda wa'adi ke bin sa kowane wata. A nan a rubuta iyakar yawan shigarwa, misali har ɗari da hamsin a wata, abin da ya haura a sake magana.

Biyan awa ya fi dacewa da aikin da ba a san zurfinsa ba, kamar amsa takardar bincike daga hukuma ko warware lissafin gidan gado da ya shekara goma ba a raba ba. Sharaɗinsa a sa masa rufi: kada a wuce awa kaza sai an dawo an tambaye ka.

Kaso daga haya ko daga ciniki kuwa, ka guje shi. Dillali yana karɓar la'ada, galibi kashi goma, saboda shi ya kawo ɗan haya, kuma mai kula da gida yana karɓar kaso saboda shi ke bin bashi. Akanta aikinsa bai ƙaru ba don ka ƙara kuɗin haya daga 800,000 zuwa miliyan ɗaya. Layi goma sha biyun nan ne dai zai rubuta. Mafi muni shi ne mai cewa a ba shi kaso daga abin da ya "rage" maka na haraji. Ka ba shi dalilin ɓoye kuɗin shiga da ƙirƙiro kashe-kashe ke nan, kuma ranar da abin ya tashi, sunanka ne a kan fom ɗin. A aikin odita ma ƙa'idar sana'ar ta hana a rataya lada a kan sakamakon bincike.

Abubuwan da ke sa kuɗi ya hau, da yadda ake sauke su

Babban cikinsu gauraya asusu. Idan haya tana shiga asusun da kake cefane da shi, dole akanta ya bi layi dubu don ya tsamo goma sha biyu, kuma duk alat ɗin da bai gane ba sai ya kira ka. Hukuma ma idan ta duba, tana iya ɗaukar gudummawar biki da kuɗin da ƙaninka ya ajiye a wurinka a matsayin kuɗin shiga har sai ka kawo hujja. Buɗe asusu ɗaya na haya zalla, ko na shago zalla, shi ne abu guda da ya fi rage ladan akanta.

Na biyu, aikin da babu rasit. Mai gyaran famfo da birkila ba sa yawo da rasit, wannan kowa ya sani. Sayi ɗan littafin rasit mai kwafi, ka rubuta rana, aikin da aka yi, gidan da aka yi shi, adadin kuɗi, ya sa hannu da lambar wayarsa, kuma ka biya ta tiransifa idan da hali. Rasit ɗin POS da na kanti tawadarsu tana gogewa cikin 'yan watanni, ka ɗauki hotonsu a ranar.

Na uku, shekarun baya. Kowace shekara aiki ce mai zaman kanta, kuma tsohuwa ta fi wuya saboda takardu sun ɓace. Mai neman takardar shaidar biyan haraji ya sani cewa shekara uku na baya take rufewa. A nemi farashin kowace shekara daban, kuma ya halatta ka nemi ragi a kan ta biyu da ta uku tunda tsarin da aka gina a ta farko shi za a bi.

Na huɗu, gaggawa. Wanda ya kawo takardu ranar 25 ga Maris zai biya kuɗin daren da za a kwana a kansu. Kai su a Janairu.

Akwai kuma kurakuran da akanta mai arha ke yi waɗanda suka fi ladansa tsada. Kuɗin ajiya da ɗan haya ya bayar don ɓarna amana ce da za a mayar, ba haya ba, bai kamata a yi mata haraji ba. Gyaran kwanon da ke yoyo ana cire shi a shekarar, amma ƙara sabon bene ko gina shaguna a gaban gida ba gyara ba ne, yana da nasa lissafin daban, kuma cusa shi cikin gyara yana jawo tambaya. Sai wanda ya fi cin masu gida kuɗi a ɓoye: idan ɗan hayarka kamfani ne, ko banki, ko ma'aikatar gwamnati, doka ta sa ya cire kashi goma na hayar ya tura wa hukuma da sunanka. Wannan kuɗin ba ɓata ya yi ba, biyan haraji ne tun kafin lokaci, kuma ana cire shi daga abin da za ka biya a ƙarshe. Amma sai an karɓo shaidar turawar, kuma sai an tura da lambar harajinka daidai. A hayar miliyan 5, naira 500,000 ake magana. Ka tambayi duk akantan da kake shirin ɗauka yadda zai bi wannan. Amsarsa za ta nuna maka ko ya taɓa riƙe lissafin gidan haya.

Wani abin da masu gida ya kamata su sani: sabuwar doka ta ba ɗan haya rangwamen kashi 20 na hayar da ya biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, idan ya bayyana hayar ga hukuma. Ma'aikata masu albashi za su riƙa neman rasit mai sunanka da adireshin gidan. Ma'ana hukuma za ta ga hayarka ta bakin ɗan hayarka ko da kai ba ka faɗa ba.

Tayi uku, takarda ɗaya

Rubuta bayanin aikinka a shafi ɗaya: gida nawa, 'yan haya nawa, cikinsu kamfani nawa, asusun banki nawa, kimanin shiga da fita nawa a wata, ma'aikata nawa, shekarar ƙarshe da aka miƙa bayanin haraji, da abin da kake so a miƙa maka a ƙarshe. Ba wa mutum uku wannan shafin, iri ɗaya, ka ce kowa ya rarraba farashinsa aiki-aiki. Idan ka yi wa kowa bayani da baki, farashi uku za ka samu na ayyuka uku mabambanta, ba abin da za ka iya gwadawa.

Idan kun daidaita, a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce. A ciki a faɗi ayyukan da ke cikin kuɗin da waɗanda ba sa ciki, musamman amsa tambayar hukuma bayan an miƙa bayani, domin nan ake yawan saɓani. A faɗi ranar da za ka kawo takardu da ranar da zai gama. A faɗi ko VAT yana cikin farashin. A faɗi wa zai ɗauki tara idan aka makara: idan kai ka jinkirta takardu, kai, idan shi ya zauna a kansu, shi. Wannan layin yana da nauyi yanzu, domin tarar rashin miƙa bayani a sabuwar dokar naira 100,000 ce a watan farko, da 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Makarar wata shida ta zama 350,000, kuma tana hawa kan kamfanin da bai yi ciniki ko na sisi ba idan bai miƙa bayanin cewa bai yi ba. Masu kamfanonin da aka yi wa rajista don neman kwangila aka ajiye su a durowa su lura da wannan.

Idan kai kamfani ne, ka tuna doka tana iya ɗora maka cire kashi biyar daga ladan akantan ka tura wa hukuma da sunansa, ko da yake an sassauta wa ƙananan kamfanoni a kan ƙananan biya. Ku yi maganar tun farko don kada ya ga kuɗinsa sun zo da giɓi.

Kuɗin gwamnati daban, ladan akanta daban

Kada ka taɓa yarda da dunƙulallen farashi irin "kawo dubu ɗari biyar, har da harajin da komai". Ba za ka san nawa ya isa hukuma ba, kuma duk abin da ya rage daga harajin ya zama ribarsa. Tsarin da ya dace: akanta ya lissafa, ya ciro maka lambar biya daga shafin hukumar, kai ka biya daga asusunka kai tsaye, ta Remita, wato kafar biyan kuɗin gwamnati ta intanet, ko ta hanyar da jiharku ta tanada, rasit ya fito da sunanka da lambar harajinka. Haka kuɗin CAC. Ladansa kuma ya tafi asusun ofishinsa da takardar caji. Duk wani "na goro" da aka ce za a kai wa wani a ofis don a rage adadi ba ya cikin ladan akanta, kuma ba ya goge bashin da ke rubuce a kwamfutar hukuma. Jami'in zai canja wurin aiki, bashin yana nan.

Wajen buɗe maka shafi a hukumar haraji ko CAC, a sa lambar wayarka da imel ɗinka, ba nasa ba. Mutane da yawa sai ranar da suka so canja akanta suke gane cewa makullin kamfaninsu yana cikin wayar wani. Takardun asali su zauna a wurinka, shi a ba shi kwafi. A ƙarshen kowace shekara ka karɓi abu huɗu ka ajiye: lissafin shekara, kwafin abin da aka miƙa, shaidar cewa hukuma ta karɓa, da fayil ɗin littafin kansa, ko na Excel ne ko na wata manhaja. Doka ta nemi a adana irin waɗannan bayanai har shekara shida.

Ga gidan magada, a ƙara abu ɗaya cikin jingar: takardar rabon haya mai nuna abin da ya shigo, abin da aka kashe, da kason kowane magaji, a ba kowa kwafi. Aikin awa ɗaya ne ko biyu idan littafin yana nan daidai, kuma a cire ladan daga hayar kafin rabo, ba daga aljihun wanda ke kula da gidan ba.

Idan shekara ta zagayo akanta ya nemi ƙari, koma kan shafin nan na farko. In 'yan haya sun ƙaru ko an buɗe reshe, ƙari ya zama dole. In aikin yana nan yadda yake, abin da za a duba shi ne tsadar rayuwa kawai, kuma kana da hujjar neman sassauci, domin shekara ta biyu ba ta cin awannin da ta farko ta ci. In kuma rabuwa za ku yi, biya shi abin da yake bin ka tukuna, sannan ka karɓi fayil da kalmomin sirri ka canja su a ranar, ka ba sabon akantan lambar tsohon don su yi magana kafin ya fara.